Gonar Baba tana jingine, ni kuwa zuciyata tana jami'a

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 28 daga wani ƙauye a ƙasar Haɗejia, kuma ni ne na farko da ya taka jami'a a gidanmu. Na karanta shari'a a Kano, na wuce makarantar horas da lauyoyi ta Bagauda, an rantsar da ni, na gama hidimar ƙasa. Lokacin da zan tafi Bagauda kuɗin ya fi ƙarfinmu, sai Baba ya jinginar da gonarmu ta fadama ga wani mai hali a garinmu. Har yau shi ke noma ta. Ƙanina mai bi mini, wanda ya bar makaranta don ya taya Baba aiki, yanzu ƙwadago yake yi a gonakin mutane da rani.

Burina shi ne in koyar a jami'a, in yi bincike kan dokar filaye da yadda gonaki ke suɓucewa daga hannun talakawa. Malamin da ya duba kundina na ƙarshe ya ce in dawo in yi digiri na biyu, zai yi ƙoƙari a ɗauke ni aiki in gurbi ya samu. Ana cikin haka sai kawuna, wan mahaifiyata, ya samo mini aikin mataimaki na musamman wurin wani ɗan majalisa, da albashi mai kyau. Kawu ya ce boko ba ta ƙarewa, a ci moriyar wadda aka yi tukuna. Inna tana bayansa. Baba bai ce komai ba sai "duk abin da ka ga ya fi." Ga kuma yarinyar da aka yi mana baiko, iyayenta sun fara tambaya. Ina tsoron in shiga cikin 'yan siyasa in zama irin mutanen da nake son yin rubutu a kansu, ina kuma kunyar in ce zan koma aji alhali gonarmu tana hannun wani. Malam, ina mafita?

Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah ya saka wa Baba da alheri, ya ba ka ikon share masa hawaye tun yana da rai da lafiya.

Zan fara da Baba, domin shi ne ya fi kowa ƙarancin magana a wasiƙarka, kuma shi ne ya fi kowa sa hannu a aljihu. Dattijon da ya miƙa fadamarsa don ɗansa ya zama lauya ba zai buɗe baki ya ce "ka biya ni" ba, ko da kuwa abin yana hana shi barci. Kara ce da kawaici irin na iyaye. Ya bar maka zaɓi da zuciya ɗaya, na yarda, amma kada ka ɗauka cewa tun da ya yi shiru gonar ta fita daga ransa. Duk sanda ya bi ta wajen ya ga shinkafar wani ko albasar wani a cikinta, ya san abin da yake ji. Ƙaninka kuma ya fi shi ji, domin shi ba a tambaye shi ba, ya dai wayi gari ya ga inda zai yi noman rani ya tafi.

Ka ce kana son ka yi karatu mai zurfi kan yadda gonaki ke fita daga hannun talakawa. To, talakawan farko da wannan al'amari ya shafa a rayuwarka suna cin tuwo a kwano ɗaya da kai. Ba na faɗin haka don in ƙara maka nauyin zuciya. Ina so ne ka ga cewa burinka da bashinka hanya ɗaya suke bi, kuma duk shawarar da za ka yanke, jami'a ce ko majalisa, da fansar gonar nan za a auna ta.

Saboda haka ka fara aikin lauya a gida. Nawa aka karɓa? An rubuta ko da baki aka yi? Su wa suka shaida, kuma suna raye? An sa wa'adi? An ce in wa'adin ya wuce gona ta zama ta mai kuɗi? Ka sani a dokar al'ada, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Okoiko da Esedalue a 1974, jingina ba ta rikiɗewa ta zama ciniki komai daɗewarta, mai gona yana da damar fansa duk ranar da ya kawo kuɗi. Malamanmu na Malikiyya su ma ba su amince da sharaɗin cewa jingina ta zama mallakar mai bin bashi don an kasa biya kan lokaci ba, kuma ba su halatta wa wanda ya ba da rance ya riƙa cin amfanin abin da aka jinginar masa ba. Wannan duk ƙarfi ne a hannunka, amma ina roƙonka kada ka fara da zaro shi. Mutumin nan shi ya buɗe hannu ranar da ake nema, kuma garinku ɗaya, masallacinku ɗaya. Ka je masa tare da Baba da mai unguwa, ka yi godiya, ka nemi a rubuta abin da ke tsakani kowa ya sa hannu, a kuma amince ka riƙa biya kashi-kashi. Ka roƙi alfarmar in an biya rabi a sakar wa ƙaninka wani ɓangare ya noma. Ka daidaita biyan ƙarshe da lokacin da zai kwashe amfaninsa, kafin a shiga shirin noman rani na gaba, don kada a ce an ƙwace masa shuka. Yarjejeniyar baki tana lafiya ne muddin waɗanda suka yi ta suna raye. Ranar da ɗayansu ya kwanta dama, magada ne za su zo, kowa da labarin da ya ji.

Yanzu mu zo kan jami'a. Malaminka ya ga wani abu a tare da kai, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka saurari kalamansa da kunnen lauya: zai yi ƙoƙari, in gurbi ya samu. Ɗaukar ma'aikata a jami'ar gwamnati ba a hannun malami guda yake ba, akwai sashe, akwai tsangaya, akwai hukumar jami'a, akwai jiran amincewa daga sama. Yana iya zuwa baɗi, yana iya ɗaukar shekaru. Ka koma wurinsa cikin ladabi ka tambaye shi dalla-dalla: yaushe aka ɗauki sababbin malamai na ƙarshe a sashen, wane sakamako ake nema, akwai aikin taimaka wa bincike da za a riƙa ba ka ɗan wani abu kafin nan? Malamin kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Ka kuma san irin rayuwar da kake nema. Digiri na biyu zai ci maka shekara ɗaya da rabi zuwa biyu in komai ya tafi daidai, na uku kuwa aƙalla shekara uku, sau da yawa fiye. Ƙarin girma yana tafiya ne da rubuce-rubucen da ka wallafa a mujallun ilimi, kuma da wuya ka yi nisa ba tare da digirin digirgir ba. Albashin matakin farko ba zai fanshi fadama cikin shekara guda ba. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas, aka riƙe albashin malamai, sai daga baya aka biya wani ɓangare. Tallafin ƙaro karatu na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, yana nan, amma na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ba zai ɗauki nauyinka a wannan matakin ba. Kada ka kuma lissafa da cewa za ka riƙa koyarwa da safe kana zuwa kotu da hantsi ba tare da ka bincika ba. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ta ƙashin kansa. Akwai umarnin 1992 da ya keɓe malaman shari'a, amma lauyoyi suna ta muhawara kan matsayinsa bayan zuwan kundin. Sana'a ɗaya da kundin ya ambata ƙarara cewa ba a hana ba ita ce noma. Ka ga ke nan fadamar nan ba ta Baba da ƙaninka kaɗai ba ce, ita ce za ta riƙe gidanka a watannin da albashi ya tsaya.

Duk da haka ba zan ce ka bar wannan buri ba, domin abin da kake son bincikawa yana da muhimmanci, kuma kaɗan ne suka san shi daga ciki kamar yadda ka sani. Dubi gonar gidanku kawai, dokoki uku ne suka haɗu a kanta. Al'ada ta ce jingina halas ce kuma mai kuɗi ya noma. Fiƙihu ya ce a yi hattara da cin amfanin rance. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuma ta damƙa ƙasar jiha gaba ɗaya amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara, sashe na 21 har ya ce ba a miƙa irin wannan fili ga wani, ko ta jingina, sai da amincewar ƙaramar hukuma. Manoma nawa ne a ƙasar Haɗejia suka taɓa jin wannan? Idan gwamnati ta karɓi gona don amfanin jama'a, sashe na 29 diyyar abin da ke kan ƙasar ya tanada, shuka da gini da makamantansu, ita ƙasar kanta ba a sayen ta daga hannun manomi. Kuma sashe na 315 na kundin tsarin mulki ya kare dokar, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara kundin kansa. Ga shari'a, ga siyasa, ga haƙƙin talaka, duk a cikin fadama ɗaya. Ƙara da rikicin burtali da mashaya tsakanin manoma da makiyaya a wajajen Guri da Kirikasamma, da yadda madatsun Tiga da Challawa suka sauya tafiyar ruwan kogin Haɗejia, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse wasu suka bushe. Idan ruwa ya ci gonar mutum shekaru sannan ya janye, ta wa ce? Wanda ya taso a birni sai ya nemi mai yi masa jagora kafin ya gane wannan tambaya. Kai kuwa ka san sunan kowane ɓangare na fadamar.

Kuma ba sai an ba ka ofis za ka fara ba. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta abin da ka gani. Ka zauna a kotun shari'ar Musulunci ta yankinku ranakun da ake sauraron ƙararrakin gona da gado, ka nemi izinin magatakarda ka duba tsofaffin hukunce-hukunce, ka zauna da dagatai da limamai da ardo ka ji yadda suke sulhu. Ka ɓoye sunayen mutane, domin amana suka ba ka. Wanda ya je neman digiri na biyu da irin wannan littafi a hannu ya riga ya yi rabin aiki.

Sai maganar ɗan majalisa. A nan ina so ka sassauta kaɗan, ƙanina. Tsoronka yana da tushe, amma kada ka mayar da siyasa gaba ɗayanta ƙazanta. Malam Aminu Kano malamin makaranta ne, ya ajiye alli a 1950 ya rungumi jam'iyyar NEPU. Shekaru aka yi ana kuka da haraji da jangali, sai gwamnatin jam'iyyarsa ta PRP ta soke su a Kano bayan ta hau mulki a 1979, lokacin ƙauyenku yana cikin jihar Kano, iyayenka na cikin waɗanda suka samu wannan sauƙi. Dakta Bala Usman ya fito daga jami'ar Ahmadu Bello ya yi aiki da gwamnatin PRP ta Kaduna. Farfesa Attahiru Jega ya shugabanci ASUU, ya shugabanci jami'ar Bayero, sannan ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Duk binciken da za ka yi kan dokar filaye, in ba a samu 'yan majalisa sun ɗaga hannu ba, a kan kanta zai zauna. Sai dai ka lura da abu ɗaya game da waɗannan malamai: sun shiga harkar mulki ne bayan sun yi suna da ilimi, suna da inda za su koma in an nemi su yi abin da bai dace ba. Kai kuwa za ka shiga ne kana ɗan shekara 28, da bashi a wuya, ta hannun kawu. Wanda ke cikin wannan hali, cewa "a'a" tana yi masa nauyi ƙwarai.

Don haka kafin ka amsa ko ka ƙi, ka je ka ga mutumin da kanka. Ka tambayi aikin da za ka riƙa yi. Idan tsara ƙudirin doka ne, da nazarin kasafin kuɗi, da rubuta bayanan zaman kwamiti, da karɓar koke-koken mazaɓa, wannan aikin lauya ne na gaske, zai kuma nuna maka yadda ake ƙera doka daga ciki, abin da malamai da yawa ba su taɓa gani ba. Ka tambaya ko akwai takardar ɗaukar aiki, kuma majalisa ce ke biya ko aljihunsa. Ka gaya masa tun farko cewa za ka yi rajistar digiri na biyu, kana bukatar ranakun zuwa aji. Ka yi tambaya a mazaɓarsa, a hankali, ko sunansa ya taɓa fitowa a rigimar fili. Idan ka fahimci abin da ake so shi ne lauyan da zai riƙa karɓo belin 'yan jagaliya da tsorata masu ƙorafi, ko kuwa mai riƙe jaka da za a riƙa nunawa ana cewa "lauyana ne", to ka yi godiya ka janye, komai kaurin albashin.

Akwai kuma wani farashi da kawu ba zai lissafa maka ba. Daga ranar da ka karɓi aikin, a garinku ka zama yaron wane. Manomin da ke ɗaya jam'iyyar ba zai sake buɗe maka cikinsa kamar da ba, kuma irin wannan buɗe ciki shi ne jarin mai bincike. Abin da ka gani a ofishin maigidanka ma amana ce, ba za ka kwashe shi ka zuba a kundi ba. Shekara ɗaya ko biyu ba za su ɓata maka suna ba in ka kama kanka, amma in ka zarce har ka shiga yaƙin neman zaɓe kana hawa mumbari, dawowa za ta yi wuya.

Ga abin da nake gani. Ka nemi gurbin digiri na biyu a zangon da ke tafe, domin wannan ba ya jiran alƙawarin kowa, kuma shi ne zai nuna wa malaminka da gaske kake. A lokaci guda ka kama aikin da zai kawo kuɗi. In na ɗan majalisar ya tsallake tambayoyin da na ambata, ka karɓa, amma ka sa wa kanka wa'adi ka faɗa wa Baba da malaminka, don a samu masu tuna maka. Tun daga albashin farko ka ware kaso mafi tsoka ka kai wa mai jingina a gaban shaidu, a rubuta. Kada ka ci bashin mota, kada ka kama gidan da albashin malami ba zai iya riƙewa ba, domin ba ƙin gaskiya ke hana matasa barin irin waɗannan wurare ba, sabo da kashe kuɗi ne. In kuwa bai tsallake ba, ƙofofi ba su ƙare ba. Akwai ofisoshin lauyoyi a Dutse da Kano, akwai Ma'aikatar Shari'a, akwai hukumar ba da tallafin shari'a ga marasa ƙarfi da aka kafa tun 1976, akwai kwalejin shari'a ta Ringim da ta Aminu Kano a birni, inda za ka iya fara koyarwa. Kuɗinsu bai kai ba, fansar za ta ɗauki lokaci, amma in an rubuta yarjejeniya ana biya a kai a kai, hankalin kowa zai kwanta. Ka riƙa leƙa Mambayya, gidan Malam Aminu da ke Gwammaja wanda jami'ar Bayero ta mayar cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, a nan za ka haɗu da masu irin tunaninka.

Kawu kuwa ka girmama ƙoƙarinsa. Ya zubar da ruwan idonsa wurin babban mutum don ɗan ƙanwarsa, kuma abin da yake so shi ne ya ga 'yar'uwarsa ta huta. Kada ya ji hukuncinka a bakin wani. Ka je gidansa da kanka, ka nuna masa lissafin fansar gona a rubuce. Inna ma da zarar ta ga akwai ranar da fadama za ta dawo, rabin damuwarta ya tafi. Iyayen yarinya suna da haƙƙin su san inda aka dosa. Wakilanka su je su faɗi gaskiya: ga abin da kake samu, ga bashin da ke gabanka, ga lokacin da za ka iya, kuma biki zai kasance daidai ƙarfi. Ita ma ka gaya mata cewa mai yiwuwa matar malamin makaranta za ta zama, ka ji ta bakinta tun yanzu.

Wanda nake so ka fi ba lokaci shi ne ƙaninka. Ka zauna da shi ku biyu, ka faɗa masa da bakinka cewa ka san abin da karatunka ya ci masa. Ka tambaye shi abin da yake so, kada ka zaɓar masa. In makaranta ce ransa ke so, ka ɗauki nauyin jarrabawarsa. In noma ne, to bayan fansa abu na gaba shi ne injin ban-ruwa da taki na shekarar farko, kuma ku yi magana a gaban Baba kan yadda za a riƙa raba amfanin, don kada gobe a ce wanda ya biya kuɗin fansa shi ke da gona. Gonar ta Baba ce, kuɗin da za ka biya sauke nauyi ne, ka sa a rubuta haka a takardar.

Juma'ar nan in ka je gida, bayan an idar da sallar isha'i ka keɓe da Baba ka tambaye shi adadin kuɗin da sunayen shaidu. In ka ga ɗan majalisar ka kuma ji amsar malaminka, ka sake rubuto mini mu duba tare. Allah ya yi maka jagora, ya sa albarka a karatun.